Ma'anar Sunan Alƙalami da Labarin Mark Twain

Sunan alƙalami shi ne sunan da marubuci yake zaɓar wa kansa ya riƙa sa wa rubutunsa a maimakon sunansa na yanka. Ya bambanta da laƙabi, domin laƙabi jama'a ne suke laƙaba wa mutum ko yana so ko ba ya so, shi kuwa wannan mai shi ne yake raɗa wa kansa. Wasu suna yin haka don tsoron hukuma, wasu don kunya, amma akwai waɗanda ba ɓuya suke yi ba, murya ce ta musamman suke nema.

Marubucin Amurka da duniya ta sani da Mark Twain yana cikin kashi na ƙarshe. Sunansa na gaskiya Samuel Langhorne Clemens, an haife shi a 1835 a jihar Mizuri, ya kuma tashi a garin Hannibal da ke bakin kogin Misisipi. Bayan rasuwar mahaifinsa a 1847 ya shiga koyon aikin ɗab'i, daga baya a 1857 ya koma koyon tuƙin jirgin ruwa, sana'ar da sai mutum ya haddace kowace kwana da kowane tudun yashi na kogin kafin a ba shi lasisi, wanda shi ya samu a 1859.

A waɗannan jiragen akwai ma'aikacin da yake jefa igiya mai dalma cikin ruwa don auna zurfi, idan ya sami gaba biyu, wato ƙafa 12, sai ya ɗaga murya ya ce "mark twain", matuƙi ya san jirgi zai iya wucewa. Da yaƙin basasa ya tsayar da zirga-zirgar kogin a 1861, Clemens ya tafi Nebada, ya gwada haƙar azurfa bai dace ba, ya shiga aikin jarida a Virginia City, inda a 1863 ya fara sa wannan kira a ƙarƙashin rubutunsa.

Ya gwada wasu sunaye kafin nan, kamar Josh, amma ba su kama ba. A ganina wannan ya zauna ne domin daga bakin ma'aikatan kogi ya fito, kuma irin maganarsu ce ya riƙe har ya wallafa labarin Tom Sawyer a 1876.