Yanke albashi saboda latti ba haƙƙin maigida ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka cewa tunda maigida ne ke biyan albashi, yana da ikon zaftare shi duk ranar da ma'aikaci ya makara ko ya yi kuskure. A gidajen mai, shaguna da masana'antu abin ya zama jiki, har wanda aka yanke wa ma yana ganin daidai ne.

To, Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta ce haka ba. Sashe na 5 ya hana cire kuɗi daga albashin ma'aikaci da sunan tara, ko da kuwa an rubuta hakan a yarjejeniyar aiki. Inda aka bar ƙofa shi ne idan ma'aikacin ya jawo asara da gangan ko don sakaci, kuma nan ma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tukuna, sannan a cire abin da hankali zai ɗauka.

Wannan ba ɗaure wa lalaci gindi ba ne. Akwai gargaɗi, akwai takardar neman bahasi, akwai sallama bisa ƙa'ida. Amma albashin nan abincin iyali ne, kuma wanda aka zalunta yana iya kai ƙara ofishin ƙwadago ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.