Tafiya Aislan: tambayoyi kafin a ɗaure kaya

Ina ƙasar take, kuma yaya ake shiga?

Aislan tsibiri ce a arewacin Tekun Atalantika, mutanenta ba su wuce dubu 400 ba, kuma mafi yawansu suna zaune a babban birni Reykjavik da kewayensa. Ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, tun 2001, don haka mai fasfon Najeriya, Nijar ko Ghana sai da bizar Shengen, wadda ke ba da izinin kwana 90 cikin 180, tare da inshorar lafiya ta akalla Yuro dubu 30. Jirgi yana sauka a Keflavik, kimanin kilomita 50 daga birni. Kada ka nemi jirgin ƙasa, babu shi a ƙasar baki ɗaya.

Sanyin zai jimru?

Sunan ƙasar, wanda ke nufin ƙasar ƙanƙara, ya fi sanyinta ban tsoro. A Reykjavik, hunturu yakan tsaya kusa da digiri 0, watan Yuli kuma tsakanin 10 zuwa 13. Abin da ke wahalar da baƙo iska ce. Tana iya fizge ƙofar mota daga hannunka ta lanƙwasa ta, shi ya sa masu ba da hayar mota ke gargaɗin a riƙe ƙofa da hannu biyu. Lema ba ta da amfani a nan. Sayi rigar da ruwa ba ya ratsawa, ka jera riguna biyu ko uku a ciki, da safar hannu da takalmi mai ƙwari.

To salla da azumi fa?

Nan ne maganar take. A watan Yuni rana takan yi wajen awa 21 a sama, ko ta faɗi ma duhu ba ya shiga sosai, sai ka ga ƙarfe sha ɗaya na dare kamar bayan La'asar. A Disamba kuwa hasken yakan ragu zuwa wajen awa 4, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kusa da kusa. Musulman ƙasar ba su da yawa, amma suna da ƙungiya tun 1997 da wuraren salla a Reykjavik. Idan azumi ya faɗo lokacin doguwar rana, wasu suna bin lokacin garin duk da tsawonsa, wasu suna bin fatawar da ta yarda a yi amfani da lokacin Makka ko na ƙasa mafi kusa mai daidaiton dare da rana. Tambayi malaminka tun kana gida, ba sai ka isa kana duban sama ba. Agogon Aislan ɗaya ne da na Ghana duk shekara, Najeriya da Nijar suna gabansu da awa ɗaya.

Me zan ci, kuma nawa zan kashe?

Ƙasa ce mai tsada ƙwarai, cin abinci a gidan abinci kullum zai ƙarar da guzuri da wuri. Sayen kayan abinci a shagunan Bónus ya fi sauƙi. Kifi yana nan a wadace, shi ne mafi kwanciyar hankali ga mai kiyaye halal. A kula da pylsa, naman da ake turawa cikin dogon burodi ana sayarwa ko'ina: ana cewa na rago ne, amma akwai alade a haɗin. Kuɗinsu krona ne, sai dai kati ake miƙawa ko da kofin shayi ka saya, kuma ba a jiran tukuici. Ruwan famfo mai sanyi ya fi na roba daɗi. Mai zafin ne ke warin ruɓaɓɓen ƙwai, saboda daga ƙarƙashin ƙasa ake janyo shi.

Akwai al'adar da za ta ba ni mamaki?

Wuraren ninƙaya na ruwan ɗumi. Doka ce a tuɓe a yi wanka da sabulu kafin a shiga, maza daban mata daban, amma a gaban juna. Wasu wuraren suna da ɗan ɗaki mai labule, sai ka tambaya tun a ƙofa.

Caja ta za ta shiga soket ɗinsu?

Ta Nijar mai baki biyu za ta shiga. Ta Najeriya da Ghana mai baki uku sai da adafta.

Ina hatsarin yake?

Sata da fashi ba su cika damun kowa ba, ƙasar ko soja ba ta da shi. Hatsarin yana bakin teku da kan hanya. A gaɓar Reynisfjara mai baƙin yashi, igiyar ruwa takan taso ba zato ta ja mutum, kuma an rasa rayuka a wurin. Duwatsun yankin Reykjanes suna aman wuta jefi-jefi tun 2021, har an kwashe mutanen garin Grindavik a Nuwamba 2023, saboda haka inda aka rufe hanya a bar shi a rufe. Ana tuƙi a hannun dama, fitila a kunne dare da rana, kuma sauka daga titi a bi cikin fili laifi ne mai tara babba. Lambar gaggawa 112 ce.