Musayar ɗaliban jami'a

Musayar ɗalibai wani tsari ne da jami'o'i biyu ko fiye ke ƙullawa tsakaninsu, inda ɗalibin da ke tsakiyar karatun digirinshi na farko zai tafi wata jami'a a ƙasar waje ya yi samista ɗaya ko shekara guda, ya zauna aji da ɗaliban can ya rubuta jarabawarsu, sannan ya dawo gida a lissafa mashi abin da ya ci a cikin sakamakonshi. Digirin da zai karɓa a ƙarshe na jami'arshi ta gida ne. Wanda ya tashi daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wata biyar a Sifen, ranar yaye ɗalibai takardar UMYU za a miƙa mashi, sunan waccan jami'ar sai dai ya fito a takardar sakamako. Kamar ɗan riƙo ne dai, ya zauna gidan gwaggo ya ci tuwonta, amma sunan ubanshi yake amsawa.

A nan mutane da yawa ke haɗa shi da sikolashif. Ɗaliban da gwamnatin Katsina ta tura Masar karatun likita, ko waɗanda aka tura China, su sun tafi ne su yi digirin gaba ɗaya a can, daga aji ɗaya har gamawa. Wannan tallafin karatu ne. Musaya kau gajera ce, kuma tushenta yarjejeniya ce tsakanin makarantu, in babu takarda tsakanin jami'arka da waccan to babu ƙofar da za ka bi, komai yawan makinka.

Asali

Tafiya neman ilimi ba baƙon abu ba ne a Katsina, tun zamanin da malamai ke zuwa da komowa ta hanyar Agadas, har akwai malamin nan Muhammad al-Katsinawi da ya ƙare rayuwarshi a Alƙahira a 1741. Sai dai waccan tafiya ce ta mutum da malaminshi. Tsarin da ake magana a kai na ofis da fom ne, kuma ya faro ne bayan yaƙin duniya na farko. A 1923 Jami'ar Delaware da ke Amurka ta tura ɗalibai 8 Faransa su yi shekararsu ta uku a can, a 1925 kuma aka kafa hukumar DAAD a Jamus, wadda har yau tana cikin manyan masu ɗaukar nauyin irin wannan zirga-zirga.

Wanda ya fi kowanne girma shi ne Erasmus na Tarayyar Turai. An fara shi a 1987 da ɗalibai 3,244 daga ƙasashe 11, a 2014 aka faɗaɗa shi ya koma Erasmus+, kasafin kuɗinshi na 2021 zuwa 2027 ya haura Yuro biliyan 26. Da farko na 'yan Turai ne zalla, sai a 2015 aka buɗe wani reshe da ya ba jami'o'in wajen Turai, har da na Afirka, damar shiga ta hanyar haɗa kai da wata jami'ar Turai, ta Turan ce ke neman kuɗin ta raba. A Amurka akwai ISEP da aka kafa a 1979, wata ƙungiya ce ta jami'o'i da yawa da ke musaya tsakaninsu, an kuma yi shirin Global UGRAD na ma'aikatar harkokin wajen Amurka, na samista ɗaya ga wasu zaɓaɓɓun ƙasashe.

Maganar kuɗin makaranta

Asalin dabarar mai sauƙi ce. Ɗalibi ya biya kuɗin rijista a jami'arshi kamar yadda ya saba, ba ya biyan ko sisi na kuɗin karatu a jami'ar da ta karɓe shi, saboda ita ma ta turo nata ɗalibin wanda ya biya a can gida. Kujera ce aka yi musanye. Shi ya sa jami'o'in ke ƙirga kai, in mun turo biyar ku ma ku turo biyar, in ba bana ba to cikin shekaru biyu uku lissafin ya daidaita. A tsarin ISEP har kuɗin ɗaki da abinci ake biya a gida a je a tarar da na wani a can.

To a nan ne matsalar jami'o'inmu take, kuma ba a cika faɗinta a fili ba. Ɗalibanmu dubu za su so zuwa Jamus, amma Bajamushe nawa ne zai cika fom ya ce jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma yake son zuwa, musamman da yake ofisoshin jakadancinsu na gargaɗin 'yan ƙasarsu kan tafiya arewa maso yamma saboda matsalar tsaro? In musaya ta zama ta hannu ɗaya sai waccan jami'ar ta ga asara take yi, sai yarjejeniyar ta kwanta a durowa. Takardar yarjejeniya (MoU) nawa aka sa ma hannu aka ɗauki hoto ana musabaha, shekara biyar ko ɗalibi ɗaya bai motsa ba. Waɗanda ke tafiya da gaske galibi su ne masu wani na uku da ke zuba kuɗi, irin Erasmus+, wanda ke ba ɗalibin da ya zo daga wajen Turai tsakanin Yuro 800 zuwa 900 a wata gwargwadon tsadar ƙasar, da kuɗin jirgi da ake lissafawa bisa nisan tafiya.

In babu irin wannan tallafi, yafe kuɗin karatu kaɗai bai isa ba. Tikiti, haya, inshorar lafiya, abinci, kayan sanyi, duk a kan iyaye, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 lissafin ya ninka. Jamus misali tana son mai neman bizar karatu ya nuna yana da Yuro 992 na kowane wata, sau da yawa a wani asusu da ake kullewa a riƙa sakar mashi kaɗan kaɗan, sai dai in yana da takardar tallafi da ta tsaya mashi.

Yadda ake zaɓe

Ba ɗalibi ke rubuta ma jami'ar waje kai tsaye ba. Jami'arshi ce ke fitar da sanarwa, yawanci daga ofishin da ke kula da hulɗa da jami'o'in waje, ta tace, ta tura sunaye, sannan waccan ta aiko da takardar karɓa. Ana duba CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi tun shigarshi jami'a, da takardar sakamako, da wasiƙar lakcara, da ɗan rubutu kan dalilin son tafiya, da shaidar harshe. Wasu na neman jarabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL, wasu wasiƙa daga jami'a cewa da Turanci ake koyarwa ta wadatar. 'Yan aji ɗaya ba a cika ɗaukarsu ba, 'yan ajin ƙarshe kuma furojet ya riƙe su, saboda haka abin ya fi faɗawa kan aji biyu da aji uku. Mai kari-oba, wato kwas ɗin da ya faɗi bai sake ci ba, da wuya ya wuce matakin farko.

Takardar da komai ya rataya a kanta

Kafin a sayi tikiti akwai takarda guda da ɗalibi da jami'arshi da jami'ar da zai je duk ke sa ma hannu, a jera kwasa-kwasan da zai ɗauka a can, a gefe kuma a rubuta na gida da kowanne zai maye gurbinsu. Wannan ita ce zuciyar abin gaba ɗaya, kuma ita ce aka fi yi ma riƙon sakainar kashi saboda hankali ya tafi kan biza. In shugaban sashe (HOD) bai amince a rubuce cewa kwas ɗin tattalin arziƙi na can ya tsaya a madadin na nan ba, ɗalibi na iya dawowa da sakamako mai kyau a ce mashi sai ya sake samistar, wanda ke nufin ƙarin shekara, a bar shi a baya wajen bautar ƙasa. Amincewar baki ba ta aiki, shugaban sashe na iya canzawa kafin ka dawo, kuma a ƙarshe majalisar jami'a ce ke tabbatar da sakamako.

Lissafin kanshi sai an zauna. Turai na amfani da ma'aunin nauyin kwas da ake kira ECTS, kiredit 30 a samista 60 a shekara, kowane ɗaya na nufin aikin awa 25 zuwa 30 har da karatun da ɗalibi zai yi shi kaɗai a ɗaki. Amurka kiredit 12 zuwa 15 ake ɗauka a samista. Mu a nan ƙa'idar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) yunit 15 zuwa 24 ce. Maki ma haka, a Najeriya 70 ne A, a Faransa bisa 20 ake bayarwa kuma 10 ne ci, wanda ya samu 15 ƙwaro ne sosai, a Jamus kau 1.0 ne ƙoli 4.0 ne ƙarshen ci, wato in jami'in jarabawa bai san tsarin ba yana iya ganin 1.3 ya ɗauka yaro ya faɗi. Wasu jami'o'in suna juya makin su sa cikin CGPA, wasu su rubuta ya ci kawai ba tare da ya taɓa CGPA ba.

Kwasa-kwasan da ke da hukuma a kansu, likitanci da lauya da injiniyanci, sun fi wuyar daidaitawa don manhajarsu a ɗaure take, ga kuma wata shidan SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata, da ke cinye samista guda.

Kalanda da biza

Amurka na fara zango a watan Agusta ta gama a Disamba, yawancin Turai Satumba ko Oktoba. Jami'o'in gwamnati a nan kalandarsu ta goce, yajin aikin ASUU na 2020 ya ɗauki kusan wata tara, na 2022 wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda haka sai ka ga lokacin da ake jiran ɗalibi a can shi yana tsakiyar jarabawa a nan. Masu zaman kansu irin Al-Qalam ba su da wannan ciwon kan.

Bizar yawon buɗe ido ta Schengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, kwana 90 ce, samista ta fi haka, don haka bizar dogon zama ta ƙasar ake nema. Amurka bizar musaya ta J-1 take bayarwa bisa fom ɗin DS-2019, kuma wanda gwamnatinta ta ɗauki nauyi akwai sharaɗin ya koma ƙasarshi ya yi shekara biyu kafin ya nemi wasu nau'o'in biza. Duk wannan sai an je Abuja ko Legas, samun ranar intabiyu ma kan ɗauki watanni.

Musayar da ta koma cikin gida

Akwai wani ɓangare da ya shafi Najeriya musamman. A da ɗaliban Faransanci dole ne su yi shekara guda a ƙasar da ake jin harshen, na Larabci ma haka ake tura su ƙasashen Larabawa. Da kuɗin waje suka yi wuya sai gwamnatin tarayya ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry a 1991, da na Larabci a Ngala ta jihar Borno a farkon shekarun 1990, wanda rikicin Boko Haram ya tilasta ya koma aiki daga Maiduguri. Ɗan aji uku a waɗannan sassa can yake zuwa, a aiko da sakamakonshi jami'arshi ta haɗa, tsarin musaya ne sak illa babu fasfo. Ga Bakatsine abin da ɗan ban dariya, ya kwana a mota zuwa bakin teku don ya ji Faransanci, alhali Maraɗi da jami'arta ta Ɗan Dikko Ɗankulodo na nan bayan Jibiya, tafiyar da ba ta kai zuwa Kano nisa ba.