Dacewar allurar rigakafin murar dawaki da ƙwayoyin cutar da ke yawo

Murar dawaki cuta ce ta numfashi da ke kama dawaki da jakuna da alfadarai, takan zo da zazzaɓi da busasshen tari da majina. Ƙwayar da ke haddasa ta a yau ita ce H3N8, wadda aka fara ganowa a Miami ta Amurka a 1963. Akwai wata tsohuwa, H7N7, da aka gano a 1956, amma tun wajen 1980 ba a sake ganin ta ba.

Allurar rigakafi tana koya wa garkuwar jiki gane wani furotin da ke jikin ƙwayar, mai suna HA. Wannan furotin yana sauya kama sannu a hankali, shi ya sa allurar da aka haɗa da ƙwayar shekarun baya take rage ƙarfi. A ƙarshen shekarun 1980 H3N8 ta rabu gida biyu, na Turai da na Amurka. Daga na Amurka reshen Florida ya fito, shi ma ya kasu zuwa rukuni na 1 da na 2.

Kwamitin ƙwararru na Hukumar Kula da Lafiyar Dabbobi ta Duniya yana zama duk shekara don duba ƙwayoyin da ke yawo. Tun 2010 shawararsa ita ce kowace allura ta ƙunshi rukunonin Florida biyu, kuma babu buƙatar saka H7N7 ko gidan Turai. Sai dai sabunta allura yana cin kuɗi da lokaci, don haka wasu allurai suka daɗe a kasuwa da tsofaffin ƙwayoyi.

Babbar illar rashin dacewa tana ɓoye ne. Dokin da aka yi wa tsohuwar allura yakan samu sauƙin ciwo, har a ɗauka lafiyarsa ƙalau, alhali yana fitar da ƙwayar yana harbin sauran. Wannan ya fi haɗari ga dawakin da ake yawo da su gari-gari. A 2003 cutar ta ɓarke a Newmarket ta Ingila cikin dawakin sukuwa masu rigakafi, a Fabrairun 2019 kuma aka dakatar da sukuwa kwana shida a Birtaniya saboda ƙwayar rukuni na 1 na reshen Florida.

Rukunin nan ne ya ratsa Afirka ta Yamma a 2018 da 2019, har jihar Sakkwato da Nijar, ya kashe dubban jakuna, waɗanda yawancinsu ba a taɓa yi musu allurar ba.