Fitilar sola ta mutu a unguwarku: wa za ka tambaya, kuma me doka ta ba ka?

Fitilun kan titi masu aiki da hasken rana sun zama aikin da 'yan siyasa suka fi so a 'yan shekarun nan. Ba su da wuyar kafawa, suna kyau a hoto, ba sa jiran a kawo wuta. Amma bayan damina ɗaya ko biyu sai ka ga turaku a tsaye, titi kuwa dunɗum. In aka ɗauko zancen a majalisar unguwa, amsar ba ta wuce "ai sun cinye kuɗin". Ta yiwu haka ne. Ta yiwu kuma batir mai arha aka saka, ko ƙurar hunturu ta rufe farantin babu mai gogewa. Abin da zai raba gardama yana cikin takardun kwangilar, kuma akwai dokar da ta ba kowa damar ganin su.

Kafin ka kama alƙalami, fara gano mai fitilar. Kundin tsarin mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma ya ambaci fitilun kan titi ƙarara, tare da tituna da magudanan ruwa da kasuwanni da tashoshin mota. Wato a rubuce, hasken titi haƙƙin ciyaman ne da kansiloli. A aikace kuwa hannu uku ne ke kafa turken: ƙaramar hukuma, gwamnatin jiha, ko ɗan majalisar tarayya ta hanyar aikin mazaɓa. Wannan na ukun ya fi rikitarwa, domin kuɗin ba ya bi ta sakatariyar ƙaramar hukuma ko kaɗan. Ana cusa aikin ne a kasafin wata hukumar tarayya, wani lokaci Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, wato REA, wani lokaci kuma wata cibiyar bincike ko kwalejin da babu abin da ya haɗa ta da lantarki. Ƙungiyar BudgIT da ta bi diddigin kasafin tarayya na 2025 ta ƙirga ayyukan fitilun titi sama da 1,400 da aka cusa, na kusan Naira biliyan 393. Saboda haka ka duba allon aikin in an kafa, ko tambarin da ke jikin turken. Wasiƙar da ta je ofishin da ba nasa ba ne aikin, ɓata lokaci ce.

Idan fitilar ta ƙaramar hukuma ce, tsohon uzurin nan na "kuɗinmu yana hannun gwamna" ya yi rauni. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta jagoran hukuncin: a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, gwamnoni su daina riƙe kuɗin da sunan asusun haɗin gwiwa, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni ya saɓa wa tsarin mulki. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Duk da haka, kason ƙananan hukumomi kashi 20.60 ne cikin ɗari na abin da ake rabawa, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa rahoton rabon kowane wata. Mutumin Ɗambatta ko Gumel ko Illela zai iya ganin nawa aka rubuta da sunan ƙaramar hukumarsa. Ko kuɗin sun iso hannun ma'aji ko sun maƙale a hanya, ita ma tambaya ce da doka ta yarda ka yi.

Dokar ita ce ta 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Shekaru da yawa jihohi suna fakewa da cewa doka ce ta tarayya, ba ta hau kansu ba sai majalisarsu ta yi tata. Hatta Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rabu biyu a 2018: reshen Akure ya ce ta hau, reshen Benin ya ce ba ta hau ba. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta kashe maganar a wata ƙara da ta taso daga jihar Edo, inda ta ce dokar ta shafi kowane mataki na gwamnati. Duk jami'in da ya ce maka yau "jiharmu ba ta karɓi wannan doka ba", labarinsa ya tsufa.

Ga abin da ke cikinta. Sashe na 1 ya ce kowa yana da ikon neman bayani daga hukumar gwamnati, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa ba. A nan aka fi tare mutane. Za a ce maka "kai wane ne?" ko "wa ya turo ka?" Ba dole ka zama ɗan jarida ko lauya ko shugaban ƙungiya ba, ba kuma sai ka zo da takardar mai unguwa ba. Sashe na 3 ya tuna da wanda bai iya rubutu ba da mai lalurar naƙasa: wani zai iya nema a madadinsa, in kuma da baki mutum ya yi buƙatarsa, wajibi ne jami'in ya rubuta ta ya ba shi kwafi. Sashe na 4 ya ba hukuma kwana 7 ta amsa. Tana iya ƙara wasu kwanakin da ba su wuce 7 ba idan takardun suna da yawa ko sai an yi tuntuɓa, amma sai ta sanar da kai. In bayanin yana wata hukuma ne, dokar ta ce a tura buƙatarka can a kuma gaya maka. Kuɗin da za a caje ka bai wuce na kwafar takardu ba. Sannan ma'anar "hukumar gwamnati" a dokar ta haɗa da kamfani mai zaman kansa da ke aiki da kuɗin jama'a, ke nan ɗan kwangilar ma yana ciki.

A ganina, yawancin wasiƙun da ke faɗuwa tun daga rubutunsu suke faɗuwa. Mutum zai cika shafi biyu da zargi, ya ƙare da "a yi mana bayanin yadda aka kashe kuɗinmu". Wannan ai ka ba jami'i ƙofar zillewa. Dokar takardu take fitarwa, don haka takarda za ka ambata da sunanta. A kan fitilun sola, nemi kwafin takardar ba da kwangila mai ɗauke da sunan kamfani da adadin kuɗi da ranar bayarwa. Nemi jadawalin kayan aiki, inda aka rubuta turke nawa, farantin mai ƙarfin wat nawa, batir wane iri. A nan ne asiri ya fi tonuwa, domin batir shi ne ya fi saurin gajiya a cikin kayan, kuma akwai tazarar farashi da ta daɗewa tsakanin na litiyam mai inganci da na gama-gari. In takarda ta ce turke 100, kai kuma ka ƙirga 60 a titi, ba ka buƙatar injiniya. Nemi shaidar biyan kuɗi, da takardar kammala aiki tare da sunan wanda ya sa hannu cewa aikin ya yi daidai. Kada ka manta da sharaɗin garanti da gyara: wata nawa ɗan kwangila ya ɗauki alhakin abin da ya lalace, kuma an riƙe wani kaso na kuɗinsa har lokacin ya cika? Mai yiwuwa fitilar unguwarku tun tana cikin garanti ta mutu, babu dai wanda ya kira shi.

Ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, ka ambaci sunan dokar a saman wasiƙar, ka kai kwafi biyu sakatariya. Ɗaya ka bari, ɗaya a buga maka hatimi da kwanan wata. Daga wannan hatimin kwana 7 ke fara ƙirguwa, kuma shi za ka nuna wa alƙali.

Akwai abubuwan da hukuma za ta iya hanawa: tsaron ƙasa, binciken da jami'an tsaro ke kan yi, bayanan sirrin mutum, da sirrin kasuwancin kamfani. Na ƙarshen nan ne za a fi jefo maka, a ce farashin ɗan kwangila sirri ne. Kariyar ta fi ƙarfi lokacin da ake takarar neman kwangilar. Bayan an bayar an biya, da wuya ta tsaya, tunda sashe na 2 ya wajabta wa hukumomi su wallafa bayanan shigar kuɗi da fitarsu ko da babu wanda ya tambaya. Kuma idan wani ɓangare ne kawai na takarda ke da kariya, sai a cire shi a ba ka sauran.

Idan an hana ka, dole a rubuce, da dalili, da sashen da aka dogara da shi, da sunan jami'in da ya hana. Idan shiru aka yi har wa'adi ya wuce, doka ta ɗauki shirun a matsayin hanawa. Daga nan kana da kwana 30 ka kai ƙara Babbar Kotu, kuma nauyin kawo hujja yana kan hukumar, ba kanka ba. Wanda aka samu da hanawa ba bisa ƙa'ida ba, tararsa Naira 500,000. A 2011 kuɗi ne mai zafi, yau kuwa ba zai hana wani babban jami'i barci ba. Abin da ya fi tsoratarwa shi ne sashe na 10: wanda ya lalata takarda ko ya sauya abin da ke cikinta da gangan, ɗaurin aƙalla shekara ɗaya. Ƙaramin ma'aikacin da ya fito da bayani da kyakkyawar niyya kuma sashe na 27 ya kare shi daga tuhuma.

Sola ba fitilar titi ce kaɗai ba. Tun bayan gyaran tsarin mulki da Dokar Lantarki ta 2023, jihohi sun sami ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma ƙananan tashoshin sola da ke ba ƙauye ko kasuwa wuta suna ƙaruwa. A ƙa'idar da NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa, ta fitar a 2023, tashar da ba ta haɗe da babban layi kuma ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, wadda ta haura haka zuwa megawat 1 sai da izini. Kamfanin da zai kafa tashar yana ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin, kuma farashin wuta da batun fili suna cikin abin da ake sa wa hannu. In akwai tallafin REA a aikin, ko ƙaramar hukuma ce ta ba da filin, wannan yarjejeniyar ma kana iya neman kwafinta da irin waccan wasiƙar.

Shiga kotu yana cin kuɗi da lokaci, shi ya sa ya fi sauƙi ƙungiyar unguwa ko ta 'yan kasuwa ta ɗauki nauyin. Idan kuma takardun da kuka samu sun nuna an biya kuɗin aikin da ba a yi ba, hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci tana da shirin bin diddigin ayyukan mazaɓu tun 2019, kuma tana karɓar koke a rubuce. Ku haɗa kwafin kwangilar da hotunan turakun da adadin da kuka ƙirga.