Jirgin da ke Tafiya Kan Layi Ɗaya: Tambayoyi Kan Monorel na Wuraren Shaƙatawa

Wane irin jirgi ne monorel?

Jirgin ƙasa ne da ke tafiya kan layi guda maimakon ƙarafa biyu na layin dogo da aka saba gani. Layin nasa galibi doguwar kankare ce ko ƙarfe da aka ɗora bisa ginshiƙai, can sama da kawunan mutane da motoci. Iri biyu ne, akwai mai rataye a ƙarƙashin layin, akwai mai hawa kansa. Na wuraren shaƙatawa na Disney mai hawa ne, yana riƙe kankaren ta gefe biyu kamar yadda mahayi ke matse doki da ƙafafunsa.

Walt Disney ne ya ƙirƙiro shi?

A'a. Tun 1825 an gwada layi ɗaya a Cheshunt da ke Ingila, bisa ƙirar Henry Palmer, kuma doki ne ke jan kekunan. A 1901 birnin Wuppertal na Jamus ya buɗe mai rataye, tsawonsa kimanin kilomita 13, galibinsa a saman kogin Wupper, kuma har yau jama'a na hawansa zuwa aiki. Amma wanda Disney, Ba'amurken da ya kafa wuraren shaƙatawar, ya gani ya yi sha'awa shi ne na kamfanin ALWEG, wanda attajirin nan ɗan Sweden, Axel Wenner-Gren, ya kafa. Kamfanin ya gina layin gwaji a Fühlingen kusa da birnin Cologne a 1952.

To me ya sa da an ce monorel sai a tuna da Disney?

Domin shi ya fito da jirgin daga filin gwaji ya kai shi gaban jama'a. Ranar 14 ga Yunin 1959 aka ƙaddamar da na Disneyland a Anaheim, jihar Kalifoniya, kuma Richard Nixon, mataimakin shugaban Amurka a lokacin, ya halarci bikin da iyalinsa. Shi ne monorel na farko da ya riƙa aiki kullum a nahiyoyin Amurka. Fasahar ta ALWEG ce, amma surar jirgin aikin Bob Gurr ne, ma'aikacin Disney, wanda ya ba shi dogon hanci mai tsini da gilashi a gaba, ya fito tamkar roka. A ganina wannan sura ta yi wa jirgin talla fiye da duk wani bayanin injiniya. Da farko zagaye kawai yake yi a sashen Tomorrowland. A 1961 aka tsawaita layin ya kai kimanin kilomita 4, ya isa otal ɗin Disneyland, daga nan ya zama abin sufuri na gaske.

Ta yaya ba ya faɗowa?

Sirrin yana ƙarƙashin jirgin, inda fasinja ba ya gani. Tayoyinsa na roba ne. Manya suna birgima a saman kankaren, su ke ɗauke da nauyi, su ke tura jirgin gaba. Wasu ƙanana kuma suna kwance a gicciye, suna manne da gefen kankaren hagu da dama, su ke hana shi karkata ko gocewa a kwana. Wutar lantarki yana ɗebo ta ne daga sandunan ƙarfe da aka manna a jikin layin, shi ya sa ba ka ganin wayoyi a samansa. A Walt Disney World da ke jihar Florida, faɗin kankaren bai wuce santimita 66 ba, kuma lantarkin volt 600 ne. Ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai, za ka yi mamakin yadda siririn abu haka ke ɗauke da tarago shida cike da mutane. Robar kuma ta sa ba ya ƙara, har a Florida layin ya ratsa ta tsakiyar otal ɗin Contemporary, jirgi na wucewa mutane na cin abinci a ƙasansa.

Me ya sa ya dace da wurin shaƙatawa haka?

Wurin shaƙatawa yana son abin da ba zai cinye fili ba, ba zai raba taron masu tafiya a ƙasa ba, kuma zai ba baƙo damar hango ko'ina daga sama. Duk monorel ya cika waɗannan. Abu mafi muhimmanci kuma, layin wurin shaƙatawa zagaye ne, jirgi ba ya yawan buƙatar sauya hanya. Na Florida, wanda aka buɗe a 1971 aka ƙara masa layin zuwa wurin shaƙatawa na Epcot a 1982, ya haura kilomita 23. Na Tokyo Disney, wanda ya fara aiki a 2001, tagoginsa ma da siffar kan Mickey, ɓeran nan na fina-finan zanen Disney, aka yanka su.

An taɓa yin hatsari?

An yi. A Yulin 2009 jirage biyu sun yi karo a Florida yayin sauya layi, direba ɗaya ya rasu. Tun daga lokacin aka daina barin fasinjoji su zauna a gaba tare da direba a can. Wata matsalar ita ce idan jirgi ya tsaya a tsakiyar hanya, saukar da mutane aiki ne babba, sai an jawo shi ko a kira 'yan kwana-kwana.

In yana da kyau haka, me ya hana birane rungumarsa?

Burin Disney kenan tun farko, ya nuna wa biranen Amurka mafita daga cunkoson motoci. Seattle ta gina gajeren layi a 1962, amma da ALWEG ya yi wa Los Angeles tayi a 1963, hukumomi suka ƙi. Babban cikas shi ne mararraba: a layin dogo ɗan ƙarfe ake gusarwa, a monorel kuwa sai an motsa gungumen layin gaba ɗayansa, ga tsada ga nauyi. Ba kuma ya haɗuwa da layin dogon da birni ke da shi. Ina ganin shaharar da ya yi a Disneyland ma ta cuce shi, don da yawa sun ɗauke shi abin wasan yara. Asiya ce ta ɗauke shi da gaske. Kamfanin Hitachi ya karɓi fasahar ALWEG ya gina layin filin jirgin sama na Haneda a Tokyo a 1964, sannan Chongqing ta ƙasar Sin, birni mai tuddai inda tayar roba ta fi ƙarfe iya hawa, ta shimfiɗa dogayen layuka, har ɗaya ya ratsa ta cikin benen da mutane ke zaune a tashar Liziba.