Hazon hunturu ba rairayin Sahara ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka wai hazon da ke rufe mu lokacin hunturu rairayin Sahara ne iska ta kwaso, to ba haka abin yake ba, rairayi nauyi gare shi, ko iska ta ɗaga shi ba ya nisa yake faɗuwa.

Hotunan taurarin ɗan adam na NASA (hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka), Terra da aka harba a 1999 da Aqua a 2002, sun nuna ƙarara inda kaso mai yawa na ƙurar ke tasowa, wani kwari ne a arewacin Chadi mai suna Bodele, tsohon gindin tafkin Chadi da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce. Ƙasar wajen fara fat, ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ce, laushi kamar fulawa. Iska in ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi sai ta ƙara ƙarfi ta yi sama da garin nan, a hoton zaka ga farin layi ya miƙe kudu maso yamma, ba a jima ba sai Kano ta yi dishi-dishi jirage su kasa sauka. Wata ƙurar ma har dajin Amazon da ke Kudancin Amurka take kaiwa fa.

Hayaƙin ƙona daji kuma daban yake fitowa a hotunan, toka-toka mai shuɗi, ana sa jan ɗigo a inda wutar take ci.